Dokar Laifi Uku ta Kalifoniya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗaurin Dole Ga Masu Maimaita Laifi

Kowace unguwa tana da nata: wanda za a kama da kayan mutane yau, a kai shi gidan yari, kafin damina ta fita ka gan shi ya dawo yana zagaya layi kamar ba a yi ba. Kowace majalisa kuma tana da mai cewa da za a ɗaure irin waɗannan har su mutu a can, da kowa ya yi barci da minshari. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta ɗauki wannan maganar majalisa ta mai da ita doka a 1994, ta yi shekara 18 tana aiki da ita kafin ta yi mata babban gyara. Saboda haka ba sai an zauna ana kintace ba, an riga an gwada, kuma an ga abin da ya fito.

Mece ce dokar laifi uku, kuma daga ina ta samo sunanta?

Hawa biyu gare ta. Akwai jerin laifukan da dokar Kalifoniya ta ware ta kira masu tsanani: kisa, fyaɗe, fashi, satar mutane, cinna wa dukiya wuta da gangan, fasa gidan da mutane ke kwana a ciki, da makamantansu. Wanda aka taɓa samu da ɗaya daga ciki, in ya sake yin wani babban laifi, za a ninka masa hukuncin da doka ta tanada. Wanda aka taɓa samu da biyu, in ya yi na uku, zai sha ɗaurin shekara 25 zuwa rai da rai. Ma'ana sai ya cika 25 ɗin kafin hukumar da ke duba sakin fursunoni ta ma saurare shi, kuma tana iya cewa a'a har ya mutu.

Inda gizo yake saƙar shi ne laifi na ukun. Yadda aka rubuta dokar a 1994, ba dole ne ya zama mai tsanani ba. Duk abin da doka ta lissafa a babban laifi ya wadatar, ko da ƙullin hodar Iblis ne aka samu a aljihun mutum. Tsohon laifi kuma ba ya ruɓewa: wanda aka yi shekara 20 da suka wuce yana nan a lissafi, har da wasu laifukan da mutum ya yi yana ɗan shekara 16.

Sunan daga wasan besbol ya fito, inda mai riƙe da sanda yake fita in ya kuskure ƙwallo sau uku. Duk yaron Amurka ya san wannan ƙa'ida, kuma a ganina rabin farin jinin dokar daga sunan ya zo. Ba a samo lamba uku daga wani bincike ba. Daga filin wasa aka aro ta.

Me ya jawo aka yi ta?

Gawar 'yan mata biyu. A watan Yunin 1992, a garin Fresno, wasu mutum biyu a kan babur suka yi ƙoƙarin fizge jakar wata budurwa 'yar shekara 18 mai suna Kimber Reynolds a ƙofar gidan abinci. Ta ƙi saki, ɗayansu ya harbe ta a ka. Dukansu biyu sun sha shiga gidan yari suna fita. Mahaifinta Mike Reynolds, mai ɗaukar hoton biki ne ba lauya ba, ya tara masana shari'a suka rubuta daftarin doka. Majalisar jihar ta yi watsi da shi a 1993. Sai ya koma neman sa hannun jama'a don a kai maganar ƙuri'ar raba gardama, abin kuma yana tafiyar hawainiya.

Ana cikin haka, ranar 1 ga Oktoban 1993, wani mutum ya shiga wani gida a garin Petaluma da wuƙa ya ɗauke Polly Klaas, yarinya 'yar shekara 12, daga ɗakinta a gaban ƙawayenta biyu, mahaifiyarta tana barci a ɗaki na kusa. Wata biyu ƙasar gaba ɗaya tana neman ta, sai a Disamba aka gano gawarta. Wanda ya kashe ta, Richard Allen Davis, an taɓa ɗaure shi shekara 16 saboda satar wata mata, ya yi rabi aka sallame shi 'yan watanni kafin ya yi wannan ta'asa.

Daga nan babu ɗan siyasar da ya isa ya tsaya a gaban abin. Sa hannun da ake roƙo a bakin kasuwa ya haura 800,000. Shekarar 1994 ta zaɓe ce, Gwamna Pete Wilson yana neman zarcewa, ya sa wa dokar hannu ranar 7 ga Maris. A Nuwamba jama'a suka sake tabbatar da ita a akwatin zaɓe da kusan kashi 72 cikin 100, wanda ya sa gyara ta sai da kashi biyu cikin uku na majalisa ko wata sabuwar ƙuri'ar. Akwai wani daftarin a gaban majalisa a lokacin wanda ya taƙaita abin ga masu laifukan zubar da jini da makamantansu, kuma da ya kama irin su Davis sarai. Aka bar shi aka ɗauki mafi faɗi. An ce fushi ba ya shawara, kuma a wannan shekarar fushin na gaskiya ne.

Ai dama alƙalai suna ƙara wa tsohon mai laifi hukunci. Mene ne sabo?

Haka ne, kusan ko'ina a duniya alƙali yana duba tarihin wanda ke gabansa, kuma Amurka tana da dokokin gawurtattun masu laifi tun tuni. Jihar New York ta yi wata a 1926 mai ɗaure mutum rai da rai a babban laifi na huɗu. Sabon abu shi ne kalmar "dole" da kuma faɗin ragar. Da, alƙali zai auna girman laifin, shekarun mutum, tsawon lokacin da ya yi bai shiga hannu ba, sannan ya yanke. Yanzu majalisa ta riga ta yanke tun kafin a haifi shari'ar.

Jihar Washinton ce ta fara a 1993, amma tata tana bukatar laifukan uku duka su zama masu tsanani. Gwamnatin tarayya ta bi sahu a dokar da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a Satumban 1994. Cikin shekara uku jihohi fiye da 20 suka yi nasu. Yawancinsu ba su ɗaure mutane da yawa da ita ba. Kalifoniya ce ta ɗaure dubbai.

Da gaske an yanke wa mutum shekara 25 saboda yankan fiza ɗaya?

Da gaske ne. Jerry Dewayne Williams ya karɓe yankan fiza daga hannun wasu yara a bakin teku a Redondo Beach a 1994, aka yanke masa shekara 25 zuwa rai da rai a 1995. Yana da tsofaffin laifukan fashi da yunƙurin fashi. Yadda ƙaramar sata ta zama babban laifi kuwa, akwai wata tsohuwar ƙa'ida a jihar a wancan lokacin: wanda aka taɓa ɗaurewa saboda sata, in ya sake ɗaukar ko da abin dala ɗaya ne, lauyan gwamnati yana da damar shigar da ita a matsayin babban laifi. Ka ga tsohon laifin ya yi aiki sau biyu ke nan, ya kumbura ƙaramar satar, sannan ya shiga lissafin ukun. Daga baya alƙali ya rage wa Williams zuwa shekara 6.

Leandro Andrade bai yi wannan sa'ar a kotu ba. Tsohon soja ne da ƙwayar hiroyin ta kama. A Nuwamban 1995 ya saci kaset ɗin bidiyo tara daga shagunan Kmart biyu, kwana 14 tsakani, jimillar kuɗinsu dala 153 da 'yan kai. Tsofaffin laifukansa na fasa gidaje ne tun 1983, bai taɓa ji wa kowa ciwo ba. Da yake shaguna biyu ne, aka lissafa masa laifi biyu, kowanne shekara 25, a jere. Shekara 50 ke nan, yana da shekara 37 a duniya. Shi kuma Gary Ewing sandunan wasan golf uku ya cusa a ƙafar wandonsa a shekarar 2000, kowanne dala 399, ɗingishin da yake yi ya tona masa asiri. Ya samu shekara 25 zuwa rai da rai.

Masu kare dokar suna cewa ba fiza aka hukunta ba, rayuwar da aka ƙarar ana cutar mutane aka hukunta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don babu ɗaya cikin mutanen nan uku da za ka ba ajiyar shagonka. Amma tsofaffin laifukan an riga an ɗaure su a kai sun gama. Kuma a jihar da kisan kai na mataki na biyu yake ɗaukar shekara 15 zuwa rai da rai, sai ga ɓarawon kaset ya ninka mai kisa fiye da sau uku. An yi doka don Richard Allen Davis, ta ɓuge da kama ɗan ƙwaya a shagon kaset. An bar jaki ana dukan taiki.

Kotun Ƙolin Amurka ba ta ce komai ba?

Ta ce, amma ba abin da lauyoyin fursunonin suka so ji ba. Gyara na 8 na kundin tsarin mulkin Amurka ya hana azaba ta rashin imani da wadda ba a saba ba. A kan wannan aka kai shari'ar Ewing da ta Andrade, kuma ranar 5 ga Maris 2003 kotun ta tabbatar da hukuncin duka biyun, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Mai shari'a Sandra Day O'Connor, wadda ta rubuta ra'ayin da ya yi rinjaye, ta tsaya a kan cewa jiha tana da haƙƙin kare kanta daga wanda ya nuna ba zai daina ba, kuma wurin gyara irin wannan doka majalisa ce. Mai shari'a David Souter, daga ɓangaren da aka kayar, ya rubuta cewa in hukuncin Andrade bai wuce kima ba, to ƙa'idar hana wuce kima ba ta da sauran ma'ana.

Ba wannan ne karo na farko ba. Tun 1980 kotun ta amince da ɗaurin rai da rai da Teksas ta yi wa William Rummel saboda zamba uku da jimillarsu ta kai kimanin dala 230.

In an ɗaure hannun alƙali, to wa yake yanke hukuncin?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara da ita, kuma ita aka fi tsallakewa. An tallata dokar da cewa za ta kawo daidaito, babu alƙali mai taushin zuciya, babu mai tsanani, kowa ma'auni ɗaya. Sai dai zaɓi bai mutu ba, ƙaura ya yi. Ya tashi daga kujerar alƙali, wanda yake yanke hukunci a bainar jama'a, ya rubuta dalilinsa, a iya ɗaukaka ƙara a kansa, ya koma ofishin mai gabatar da ƙara, inda ake yanke shawara ƙofa a rufe. Shi zai ce satar nan ƙarama ce ko babba. Shi zai ce a ambaci tsofaffin laifuka biyu ko a yi shiru a kan ɗaya. Da ya zaɓi tuhumar, hukunci ya riga ya fita, saura a karanta.

Sai a haɗa da wani abu: fiye da kashi 90 cikin 100 na hukuncin manyan laifuka a Amurka ba a kaiwa ga sauraron shaidu, ciniki ake yi, wanda ake tuhuma ya amsa laifi a rage masa. Ka ɗauki mutumin da aka ce masa ya amsa ya yi shekara 6, ko ya ja ya fuskanci 25 zuwa rai da rai. Ko da bai aikata ba, sai ya yi dogon tunani. Kotun Ƙoli ta halatta irin wannan matsi tun 1978 a shari'ar Paul Hayes na jihar Kentucky, wanda aka tuhuma da cekin bogi na dala 88 da santi 30. Lauyan gwamnati ya ce masa ya amsa a ba shi shekara 5, in ya ƙi za a fito masa da dokar gawurtattun masu laifi. Ya ƙi. Ya samu rai da rai.

Sakamakon haka, hukuncin mutum a Kalifoniya ya koma ya dogara da gundumar da aka kama shi. Masu gabatar da ƙara na San Francisco da ƙyar suke taɓa dokar, na gundumomi irin su Kern kuwa sun riƙe ta hannu bibbiyu. A Los Angeles ma, zaɓen Steve Cooley a shekarar 2000 ya canza komai, don ya umarci lauyoyinsa su daina neman rai da rai a kan ƙananan laifuka. Doka ba ta canza ko harafi ɗaya ba, mai riƙe da ita ne ya canza.

Alƙalai sun ɗan ƙwato wani abu a 1996, lokacin da babbar kotun jihar ta yanke a shari'ar Romero cewa alƙali yana iya kau da kai daga wani tsohon laifi in adalci ya bukaci haka. Ta wannan ƙofar mai fiza ya fita.

Ta rage aikata laifi ko ba ta rage ba?

Laifi ya ragu ƙwarai a Kalifoniya bayan 1994, wannan babu musu. Kisan kai ya haura 4,000 a 1993, zuwa 1999 ya dawo kusan 2,000. Masu goyon bayan dokar a nan suke kafa hujjarsu, kuma wanda ya zauna a Los Angeles a farkon shekarun 1990 ba za ka ga laifinsa ba in ya yarda.

Matsalar ita ce raguwar ta fara tun kafin a sa wa dokar hannu, kuma ta game ƙasar baki ɗaya, da jihohin da suka yi irin dokar da waɗanda ba su yi ba. Har Kanada, wadda ba ta bi wannan hanya ba, ta ga raguwa a shekarun. A cikin Kalifoniya kanta, gundumomin da suka yi ta ɗaure mutane da dokar ba su fi masu sassauci samun sauƙi ba. Franklin Zimring na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley da abokan aikinsa sun bi bayanan kame a manyan birane uku na jihar, suka ga cewa waɗanda dokar take hari ba su ne ke yin mafi yawan laifukan ba tun asali, kuma kasonsu cikin waɗanda ake kamawa bai sauya sosai ba.

Ba a ce ba ta tsorata kowa ba. Masana tattalin arziki biyu, Eric Helland da Alexander Tabarrok, sun gano a 2007 cewa masu laifi biyu a wuya sun rage shiga hannu da kashi 17 zuwa 20 cikin 100. Amma su da kansu suka lissafa cewa kowane laifi ɗaya da aka hana ta wannan hanya ya ci kusan dala 148,000, kuɗin da za su fi amfani in an ɗauki ƙarin 'yan sanda da su. Akwai ma binciken Thomas Marvell da Carlisle Moody na 2001 da ya nuna kisan kai ya ƙaru a jihohin da suka yi dokar, bisa zaton cewa wanda ya san rai da rai ke jiran sa ko ya kashe ko bai kashe ba, ba zai bar mai shaida da rai ba.

Abin da masana laifi suka fi haɗuwa a kai shi ne tabbacin kamu ya fi tsawon ɗauri hana mutum. Ɓarawo ba ya zama da alƙalami yana lissafin shekara 10 da 25. Abin da yake tambayar kansa ɗaya ne, za a gan ni ko ba za a gan ni ba. Da ya yarda rana ɗaya ta mai kaya tana kusa, da bai fita ba.

Amma ai wanda yake kulle ba zai shiga gidan kowa ba?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da dokar take da ita, kuma tana da tushe. Wani sanannen bincike da Marvin Wolfgang ya jagoranta, wanda ya fito a 1972, ya bi yara maza kusan 10,000 da aka haifa a 1945 suka tashi a Philadelphia, ya samu cewa kashi 6 cikin 100 nasu ne suka yi fiye da rabin laifukan da aka rubuta. In za ka iya tsame waɗannan 'yan kaɗan, ka yi maganin abu mai yawa.

Sai dai lokaci yana yi wa dabarar zagon ƙasa. Ganiyar aikata laifi daga ƙarshen shekarun goma sha ce zuwa farkon ashirin, daga nan sai ta yi ta sauka. Kafin mutum ya tara manyan laifuka biyu, ya yi zaman yari a kan kowanne, ya fito ya yi na uku, yawanci ya ba 30 baya. Wato ana kama shi ne daidai lokacin da wutar ta fara mutuwa, a ajiye shi har ya kai 60, gwiwar da zai haura katanga da ita ta daɗe da tafiya. Muna cewa hali zanen dutse, amma ko ɗan sane yana tsufa. Sannan akwai laifukan da kulle mutum ɗaya ba ya rage su: ka ɗauke mai sayar da ƙwaya a kan kwana yau, gobe wani yaro ya gaje wurin.

Nawa abin ya ci?

Zuwa 2004, kusan fursunoni 43,000 ne ke zaune a ƙarƙashin dokar, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na duk fursunonin jihar. Mafi yawansu masu laifi na biyu ne da aka ninka wa hukunci, waɗanda ba a cika ba da labarinsu ba. Masu rai da rai sun kusa 9,000 kafin 2012. Ofishin mai binciken kuɗi na jihar ya ƙiyasta cewa ƙarin shekarun da dokar ta ɗora za su ci kusan dala biliyan 19. A 'yan shekarun nan riƙe fursuna ɗaya a Kalifoniya ya haura dala 100,000 a shekara, tsoho mai ciwon suga ko ƙoda kuma ya fi haka nesa.

Gidajen yarin da aka gina don mutum kusan 80,000 sun ɗauki ninki biyu. Ba dokar laifi uku kaɗai ta jawo ba, amma ta zuba nata kason. A 2011 Kotun Ƙoli ta tilasta wa jihar rage cunkoso, bayan an nuna mata ɗakunan motsa jiki da aka cika da gadaje, da wuraren da mutum 54 suke bin banɗaki ɗaya, da shaidar cewa kusan kowane mako ana rasa fursuna saboda rashin kulawar likita. Ƙungiyar gandirobobin jihar kuwa tana cikin waɗanda suka zuba kuɗi a yaƙin neman dokar tun 1994. Kowa ya fassara wannan yadda ya ga dama.

Su wa ta fi kamawa?

Baƙar fata ba su wuce kashi 7 cikin 100 na mutanen Kalifoniya ba, amma sun kai kusan kashi 45 na waɗanda aka yi wa rai da rai a laifi na uku. Kafin 2012 kuma, fiye da rabin masu rai da rai ɗin laifinsu na ƙarshe ba na taɓa lafiyar wani ba ne, sata ce ko ƙwaya ko mallakar makami. Da yawa cikinsu masu tabin hankali ne ko waɗanda shaye-shaye ya cinye, irin waɗanda ba su iya ɓoye sawunsu. Babban ɗan damfara mai lauyoyi ba kasafai yake tara kamu uku ba.

Iyalan yaran da aka kashe fa, suna tare da dokar?

Sun rabu. Mike Reynolds ya tsaya a kanta bai taɓa ja da baya ba. A gidan su Polly Klaas kuwa, mahaifinta Marc ya fara goyon baya, sannan ya janye kafin ƙuri'ar 1994 da ya ga faɗin ragar, ko da yake ya yi adawa da yunƙurin sassauta ta a 2004. Kakanta Joe Klaas ya shafe shekaru yana yawo yana neman a gyara ta. 'Yan'uwanta mata biyu, bayan sun girma, sun fito fili sun ce ba su ji daɗin abin da aka yi da sunanta ba. Shi Davis hukuncin kisa aka yanke masa a 1996, a ƙarƙashin dokokin da suke nan tun kafin wannan.

Yaya aka yi aka gyara ta, kuma waɗanda aka saki sun koma ruwa?

An gwada a 2004 aka faɗi da ƙaramin rata, bayan Gwamna Arnold Schwarzenegger ya shiga talabijin a makonnin ƙarshe yana gargaɗin za a sako masu kisa da fyaɗe. A 2012 aka dawo da daftari mai taka-tsantsan, wanda malaman shari'a na Jami'ar Stanford suka taimaka aka rubuta, har Cooley na Los Angeles, ɗan jam'iyyar Republican, ya mara masa baya. Ya wuce da kusan kashi 69 cikin 100. Yanzu sai laifi na uku ya zama mai tsanani kafin a yi rai da rai, ban da wanda ya taɓa yin kisa ko fyaɗe ko lalata da yara, shi kam tsohuwar ƙa'ida tana kansa. Kimanin fursunoni 3,000 suka samu damar neman a sake duba hukuncinsu, alƙali kuma yana iya hanawa in ya ga mutumin haɗari ne.

Cikin fiye da 2,000 da aka fara saki, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne suka koma kurkuku a shekarun farko, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran fursunonin jihar. A yi adalci, an tace su kafin a sake su, kuma yawancinsu sun manyanta. Amma ai waɗannan su ne mutanen da doka ta rantse ba za su taɓa shiryuwa ba.

Wasu ƙasashe sun gwada?

Sun gwada, kuma kusan duka labarin shiga da fita ne. Ingila ta yi dokar 1997 mai tilasta aƙalla shekara 3 a fasa gida na uku da shekara 7 a safarar manyan ƙwayoyi ta uku, amma ta bar wa alƙali ƙofar kaucewa. Faransa ta kafa mafi ƙarancin hukunci ga masu maimaita laifi a 2007 zamanin Nicolas Sarkozy, ta soke a 2014. Yankin Arewa na Ostireliya ya fara ɗaurin dole kan satar dukiya a 1997, ya soke a 2001, bayan wani yaro ɗan asalin ƙasar mai shekara 15 ya mutu a tsare yana zaman kwana 28 saboda satar alƙaluma da fenti. New Zealand ta yi tata a 2010, ta soke a 2022, sabuwar gwamnati ta dawo da ita a ƙarshen 2024. A can ma an samu mai tabin hankali da aka yanke wa shekara 7 saboda ya sumbaci wata mata da ƙarfi a titin Wellington, har sai da kotun ƙolinsu ta shiga tsakani a 2021.

Za ta yi aiki a ƙasa irin Najeriya?

Ɗaurin dole ba baƙo ba ne a Najeriya. Dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi aƙalla shekara 21 ga fashi, kisa kuma in da makami, kuma kowa shaida ne ko hakan ya kawo ƙarshen fashi. Dokar laifi uku tana tsayuwa ne a kan rumbun bayanai da zai tabbatar cewa wanda aka kama a wannan jiha shi ne aka taɓa ɗaurewa a waccan da wani suna. Tana kuma bukatar a riƙa kammala shari'a, alhali kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali na ƙasar jiran shari'a suke yi. Wanda ba a yanke wa hukunci na farko ba, ina za a samo na uku?

Mai karatun fiƙihu zai lura da wani abu kuma. Haddin sata, duk da tsananinsa, ba ya hawa sai abin da aka sata ya kai nisabi, rubu'in dinari a wurin Malikawa, kuma an ɗauke shi daga ma'ajinsa. Sayyidina Umar ya dakatar da shi a shekarar yunwa. Wato ana auna abin da aka ɗauka da halin da aka ɗauke shi, ma'aunin da dokar 1994 ta ajiye gefe.

Yanzu ina aka kwana a Amurka?

Dokar Kalifoniya tana nan, ninkin hukunci a laifi na biyu ma ba a taɓa shi ba. A matakin tarayya, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata doka a Disamban 2018 da ta rage rai da rai na dole a laifin ƙwaya na uku zuwa shekara 25. A Kalifoniya kuma iska ta sake juyawa. A 2014 jama'a suka mai da satar abin da bai kai dala 950 ba ƙaramin laifi. Shekara goma bayan haka, da hotunan masu wawushe shaguna suka cika wayoyin mutane, sai suka koma akwati a Nuwamban 2024 suka amince, da kusan kashi 68 cikin 100, cewa wanda aka taɓa samu da sata sau biyu ana iya tuhumar sa da babban laifi a ta uku, komai ƙanƙantar abin da ya ɗauka. Hukuncin wannan karon bai wuce shekara 3 ba, kuma lambar da aka ba daftarin a takardar zaɓe ita ce 36, lamba ɗaya da ta daftarin sassaucin 2012.